Yadda ake gane zanen fentin mai na gaske kafin a biya kuɗi

Tambaya: Na ga ana sayar da zanukan fentin mai a intanet, wasu na 'ya'yan itace da tulu a kan tebur, wasu na duwatsu da kogi, kamar da kamara aka ɗauke su. Ta yaya zan san aikin hannu ne, ba bugun inji ba?

Amsa: Hajiya, kada ki dogara da hoton gaba kawai. Ki nemi mai sayarwa ya turo miki ƙarin hoto uku: na kusa sosai, na gefe, da na baya.

A na kusa, ki zuƙo inda haske ya haɗu da inuwa, misali gefen lemo. Bugun inji ƙananan ɗigo ne na tawada jere da juna. Fentin mai kuwa launi ne ya hau kan launi, da sawun gashin buroshi. Amma a kula, masu irin wannan zane mai kama da zahiri sukan shafa fenti siriri, sumul, don haka rashin kauri ba shaidar jabu ba ne. Kauri ma yana ruɗi, domin wasu kan buga hoto a kan kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, su bi shi da wani man shafi marar launi, ya yi tudu-tudu. Idan zanen ya zo hannu, ki kashe fitila, ki haska tocila daga gefe. A aikin hannu tudun fenti yana bin siffar abin da aka zana. A jabu za ki ga sawun buroshi ya ratsa tulu ya faɗa bango da launi biyu a cikinsa.

A gefe, ki duba ɗigon fenti da ya zarce iyaka. Bugun inji yakan yanke ɗoɗar. A baya, masu zane da yawa kan rubuta suna da shekara.

Ki tambayi lokacin da aka gama shi, wannan tambayar ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Man linsid, wato man 'ya'yan wani tsiro da ke cikin fentin, iska yake sha ya taurare. Sama takan bushe cikin kwanaki ko makonni, amma ciki sai wata 6 zuwa 12, shi ya sa ake jinkirta banish na ƙarshe, wato man da ake shafawa a sama don ya kare fentin. Sabon zane idan aka naɗe shi da leda, ledar na iya manne masa.

Idan za a turo shi a nannaɗe, fentin ya kalli waje, a kan bututu mai faɗi. In ya kalli ciki, fentin yana matsewa ya tsage.

A gida, ki rataye shi nesa da rana kai tsaye da hayaƙin kicin da na turaren wuta. Ƙurar hunturu a kaɗe ta da buroshi mai laushi, busasshe. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma.