Zan zuba jarina a gwanjon kekuna na intanet, ya ka gani?

Wani ɗan'uwa mai shagon kekuna a Maiduguri ne ya turo min wannan tambayar. Ya ce shekara biyar kenan yana sarin kekunan hannu a wurin diloli, ribar ba yawa, kwanan nan ƙaninsa ya nuna masa a waya inda ake gwanjon kekuna a Japan da Ingila, keken da yake sara da tsada ya gan shi a kuɗin da bai kai rabi ba. Yana da naira miliyan biyu a ajiye, yana so ya tsallake dila ya riƙa saye da kansa, wai in ba shi shawara.

Toh Malam, Allah ya sa albarka a nema. Tunaninka na ɗan kasuwa ne, kuma kasuwar keke a garinku ba abin rainawa ba ce, tun da aka hana hawa babur a cikin Maiduguri a 2011 keke ya zama abin hawan kowa, ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 har waɗanda da suke jin kunyar hawa keke sun dawo suna nema. Masu saye akwai su. Amma ni dai in ka bi ta tawa kar ka zuba miliyan biyun nan a gwanjo, bari in gaya maka dalili.

Kuɗin da ƙaninka ya nuna maka a waya ba shi ne kuɗin keken ba. Wani lokacin ma farkon tayi ne kawai, ana sa shi ƙasa don a jawo mutane, sai a mintunan ƙarshe ka ga ya yi tsalle. A ce ma ka ci gwanjon a yadda ka gani, keken yana can wani gari a Japan, kai kana Borno. Shafin gwanjon Yahoo na Japan (sunan kamfanin ne fa, ba 'yan yahoo ɗinmu ba) galibi ɗan waje ba ya saye kai tsaye, sai ta hannun kamfanonin da ke tsayawa a madadinka irin su Buyee ko ZenMarket, su ɗauki la'adarsu, ka biya kuɗin kai keken sitonsu, ka biya kuɗin ɗauri, sannan a zo maganar jirgi. A nan ne mutane suke shan mamaki. Kamfanonin aike ta sama ba nauyin kaya kaɗai suke dubawa ba, suna duba wurin da ya ci. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwalin a santimita a raba da 5,000. Ɗauki kwalin keke mai 140 da 20 da 75, lissafin zai ba ka kilo 42, alhali keken kansa bai wuce kilo 15 ko 18 ba. Kuɗin kilo 42 za ka biya. Je ka tambayi nawa ake kawo kilo ɗaya daga Japan ka ninka, za ka ga kuɗin ɗauko ya ninka kuɗin keken ba sau ɗaya ba. Dilan da kake so ka tsallake kwantena yake cikawa da ɗaruruwan kekuna, a kwance feda a juya kan keke a danna su kamar kifin gwangwani, shi ya sa kuɗin jirgin da ke kan kowane ɗaya yake zama kaɗan. Kuma ko shi in kaya suka iso tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas akwai kuɗin fito, akwai harajin VAT kashi 7.5, akwai ejan, akwai kuɗin kwana in kaya suka daɗe a tasha, ga motar Legas zuwa Maiduguri. Ga kuma dala, wanda ya yi oda a farkon 2023 tana ɗari huɗu da wani abu a farashin gwamnati, ya zo watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ka tambaye shi ya ba ka labari.

Sai maganar keken kansa. Kai da ka san sana'ar nan, in an sauke kaya me kake yi? Ka ɗaga gaba ka juya wili ka ga ko yana rawa, ka kama feda ka girgiza ka ji ko boris ya ci, ka shafa wurin walda a ƙarƙashin sirdi da wuyan keken, ka matsa birki, in ta kama ka hau ka zaga. Duk wannan babu ko ɗaya da hoto zai yi maka. Mai sayarwa ɓangaren da ya fi kyau yake ɗauka, tsagewar da ke ƙasan ƙarfe kamar silin gashi ba za ta fito ba, tsatsar da ta riƙe sandar sirdi ta ƙi motsi ba za ta fito ba. A gwanjon Japan akwai kalmar da suke sa wa kaya, janku, ma'anarta an sayar maka a yadda yake, ko ya yi aiki ko kar ya yi, ba ƙorafi ba mayarwa. Da rubutun Japananci take, wanda ke kallon hoto da farashi kawai wuce ta zai yi.

Abin da ya fi damuna ma shi ne kayan gyara. Mai sayen kekenka ɗan makaranta ne, ko mai kai kaya kasuwa, ko malamin firamare, in ya lalace wurin mai faci na bakin titi zai kai. Taya mai lamba 28 ta irin Phoenix da Rali da muka saba, faɗin wilinta milimita 635 ne, amma wadda Turawa ke rubuta wa 28 a kekunansu 622 ce, suna ɗaya amma ba ta shiga. Haka 26 ta kekunan cefane na Japan 590 ce, 26 ta keken hawa dutse 559. Ka kawo keke mai kyau tayarsa ta mutu a zaga gari a rasa, kai za a dawo wa da shi shago. Akwai masu giya a cikin cibiyar wilin baya, suna da ƙarko amma ranar da suka tsaya ba kowane mai gyara ne zai iya buɗe su ba. Akwai masu birkin mai. Akwai na alminiyom da mai waldar unguwa ba zai iya ɗinke su ba, na kabon kuwa, wato wanda jikinsa ba na ƙarfe ba ne, in ya tsage sai dai a rataye. Masu batir kar ma ka fara, batirin ya riga ya tsufa, kamfanonin aike da yawa ba sa yarda su ɗauke shi, kuma wutar Japan bolt 100 ce tamu 230, caja da yawa kana sokawa za ka ji ƙauri.

Gwanjo kuma yana da zafin kai. Ka yi niyyar tsayawa a wani kuɗi, wani ya ɗora kaɗan, zuciya ta ce ai ba za a ƙwace min ba, kafin ka farga ka ci ribarka tun kafin ka ga kayan. Wani lokacin wanda ke ɗorawan ba saye zai yi ba, abokin mai kayan ne yake tura farashi. Wannan shi ne najashi da Manzon Allah (SAW) ya hana, a kasuwar ƙauye kana iya gane mai yi ta fuska, a intanet lamba kawai kake gani.

Za ka ji an ce shafin gwanjo na eBay na mayar da kuɗi in kaya ba su zo yadda aka siffanta ba. Gaskiya ne akwai wannan tsarin, amma yana da wa'adi na kwana 30, kuma in ka sa aka kai kayan wurin wani ejan a Ingila shi kuma ya sake turo maka, kariyar ba ta bin kayan har gida. Kafin jirgin ruwa ya iso ma wa'adin ya wuce. Ko da an ce ka mayar, da nawa za ka mayar da keke Landan? Kuma ana shigar da kekunan sata kasuwar intanet sosai a Turai, don haka in mai kaya ya ƙi ɗaukar maka hoton lambar da ke ƙarƙashin wurin feda, ko ka ga an goge ta, rabu da shi.

Ɗaya kuma na gida, tunda ƙaninka na yawo a waya zai ci karo da shi, masu cewa gwanjon kwastam a Facebook da WhatsApp, da hoton mutum cikin kaki da tarin kekuna a bayansa. Hukumar kwastam tana da gwanjon intanet na gaske tun 2017, amma a shafinta na gwamnati ake yi, sai kana da lambar haraji ta TIN, kuma ta sha yin gargaɗi a kan masu amfani da sunanta. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin fom ko kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum, ɗan damfara ne, ko da wane irin kaki ya sa.

Da ni ne kai, miliyan biyun nan zan riƙe ta a inda hannuna ke taɓa kaya. Ka haɗa kai da 'yan layinku mutum uku ko huɗu ku je wurin mai kwantena ranar da ake buɗewa ku yi sari mai yawa, farashi zai sauko kuma ku kuke zaɓe. In kuma ranka ya nace sai ka gwada gwanjon, ware abin da in ya tafi shago ba zai girgiza ba, kamar kashi ɗaya cikin goma, kuma ka fara da ƙananan kaya marasa cin wuri, giyar keke ta kamfanin Shimano, hannun birki, fitila, ba keke sukutum ba. Lissafin kuma daga baya ake fara shi, nawa zan sayar a shago, cire riba, cire gyara, cire mota da fito da jirgi da la'ada, abin da ya rage shi ne iyakar tayinka, ka rubuta shi a takarda ka ajiye kusa da wayar, in an wuce nan ka bar musu.

Ka turo min irin kekunan da suka fi tafiya a shagonka da kuɗin da kake sarinsu yanzu, da hoton wanda ƙaninka ya nuna maka har da rubutun da ke ƙasansa, sai mu zauna mu buga lissafin tare.