Miyar kukar da ba magi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, na raka yayata wani taron tara kuɗi don masu wannan ciwon, an auna jinin mutane kyauta sannan aka kawo masu girki suna dafa abinci a gabanmu. Ɗaya ta kaɗa miyar kuka ba magi ko ƙwaya ɗaya, daddawa ce kawai da busasshen kifi da tafarnuwa sai ɗan gishiri, na ɗanɗana wallahi kamar in cinye kwanon, amma da na gwada a gida maigidan ya ce salam take. Ko dai wayo suka yi mana?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, babu wani wayo, harshen maigidan ne ya saba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu jefa uku ko huɗu a tukunya sannan mu ƙara gishiri a kai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi babban mutum kar ya kai giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ba, har da na biredi da indomi.

Kuskurenki cirewa gaba ɗaya. Ki rage rabin dunƙule wannan satin, wani satin ki ƙara ragewa, cikin 'yan makonni zai daina lura. Daddawar ki daka ta da citta da masoro ki bari ta nuna sosai kafin ki kaɗa kukar, kifin kuma in mai gishiri ne ki jiƙa shi a ruwan zafi tukuna. Kuma don Allah kar ki sanar da shi kin rage, maza da an faɗa musu shi kenan miya ta lalace.