Ambaliya da fari: amsar tambayarka kan kifin tafki

Toh ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba saboda tambayar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, wai bayan babbar ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a Jigawa har mutane suka koma kan titi da makarantu, shekarar da ta biyo kifi ya yi yawa, karfasa ko ina, amma da rani ya yi nisa muka shiga tafkin nan na bayan gari kusan duk abin da koma ta kwaso tarwaɗa ce. Kana tambaya shin ambaliya gyara take wa kifi ko ɓarna, kuma ina sauran kifayen suka tafi.

Ka fara riƙe wannan, kifi ba ya zama lafiya da ɗan uwansa don yana sonsa, wuri ne ke raba su. In ruwa ya cika ya haura fadama ya shiga cikin ciyawa, kowa ya samu gidansa. A lokacin ne yawancinsu ke ƙwai, 'ya'yan su bazu cikin ciyawar burgu da karan da ruwa ya kwantar, abinci ga shi nan birjik, ƙwari da tsutsa da ɗanyen gansakuka, babu mai tsone wa wani ido. Tsage da giwan ruwa masu cin 'yan uwansu kuwa sai sun sha wahala kafin su kama ɗaya, don filin ya yi faɗi kuma ciyawa ta ɓoye ƙanana. Shi ya sa duk tsohon masunci zai gaya maka in ka ga ruwa ya yi yawa bana to ka gyara kwale-kwalenka don baɗi. Abin da ka gani ke nan, karfasar da muka riƙa kamawa 'ya'yan ambaliya ne.

Amma fa ba kowace ambaliya ce alheri ba ko ga kifin. Wadda ta zo da sauri ta kwanta kan shinkafa da dawa da suka kusa nuna, in ta daɗe a tsaye abin nan ya ruɓe, ruwan ya yi baƙi ya yi wari, iskar da ke cikinsa ta ƙare. Ka tuna safiyar da muka tarar da kifi yana ɗago baki sama yana haki a bakin gonar da ruwa ya ci? Ba guba aka zuba ba, numfashi ne ya gagara. Ga kuma tarwaɗar masu kiwo da ruwa ke fasa wa kududdufi ta kwararo ta shiga cikin ta daji.

Yanzu sai ruwa ya fara janyewa. Nan ne labarin ke juyawa. Kifin da ya bazu a fili mai faɗin tafiyar yini guda duk sai ya matsu a 'yan tafkuna, abinci ya ragu, ruwa ya yi zafi ya yi kauri, daga sama zalɓe na jira, daga ƙasa babba na haɗiye ƙarami. A irin wannan matsi ba mai ƙarfi ke ci ba, mai juriya ne. Tarwaɗa tana da wani abu a cikin kanta bayan abin da take numfashi da shi a ruwa, ka sha gani in kana fawarta, kamar ɗan reshe ja, da shi take shaƙar iskar sama kai tsaye. Ba ta zaɓen abinci, mushe ma ci take, kuma in tafki ya ƙi ta da dare sai ta bi jiƙaƙƙiyar ciyawa ta ja ciki ta nemi wani. Gaiwa ta fi ta dabara ma, ita haƙa take ta shige laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Karfasa tana ɗan jurewa, uwar ma a baki take riƙe ƙwanta. Amma tsage da giwan ruwa su ruwa mai zurfi mai iska suke so, su ne farkon mutuwa. To ka ga inda sauran suka tafi, wasu sun bi ruwa sun koma gulbi tun da wuri, wasu suna cikin tarwaɗar da ka kama.

Wannan abin da kake gani a ɗan tafkinmu kowace shekara, shi ya faru da Tafkin Cadi gaba ɗaya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya zo, ɓangaren arewa ya rabu da na kudu har ya ƙafe, sannan na 1984 ya ƙara danna shi. Kifayen sarari suka ja baya, masu iya zama a ruwan fadama wato tarwaɗa da karfasa da bargi suka karɓe wurin, shi ya sa banda ɗin Baga da kake gani a kasuwa yawancinsa tarwaɗa ne. Ni a 84 ina yaro ina bin babana da gora, wallahi na ga tafkin da muke iyo ya zama laka ta tsattsage kamar tsohuwar tukunya, muna bi da sanda muna ƙwanƙwasa ƙasa muna tono gaiwa, ita muka ci a gidanmu kwanaki da yawa. Har yau in na ji ƙamshinta sai shekarar nan ta faɗo min.

Sai ɗaya ɓangaren da ba ka tambaya ba amma shi ya fi damuna, wato masu zaman cuɗe ni in cuɗe ka. Ka dubi shanun Fulani da ke sauka fadama da rani. Kai kana ganin sun zo cin burgu ne kawai, amma kashin da suke bari shi ne takin ruwan baɗi, in ruwa ya hau kansa ƙananan halittun da ido ba ya gani su yi yawa, 'ya'yan kifi su samu abin ci tun ranar farko. Fadama ta ciyar da saniya, saniya ta ciyar da kifi. Balbela tana bin ƙafarsu tana kama farar da suka tayar, carki yana kan bayansu yana cire kaska. A tudu kuma gawo ne, ya zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye ya zubo da 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci su bar taki. Duk wannan zumunci a kan lokaci aka gina shi. In fari ya kashe shanu ko ya kore su kudu, carki ya rasa wurin sauka, fadama ta rasa taki, kuma makiyayin da ya rage yunwa ta sa ya sassare gawon har ya kashe shi. Kifi yana iya dawowa cikin shekara ɗaya in ruwa ya zo, gawon da ya mutu kuwa sai ɗan ka ya girma kafin wani ya kai tsayinsa.

Ni a nawa ganin, kuma na daɗe a ruwan nan, fari da ambaliya duk da zafinsu ba su kai ruwan da ya daina hawa da sauka illa ba. Da can gulbin Haɗeja cika yake da damina ya bushe da rani. Da aka gina madatsar Tiga a 1974 aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu amma ruwa ya zama yana gudana kaɗan kaɗan har cikin rani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ciyawar kacala da bushewar rani ke karya lagonta ta samu abin da take so, ƙafarta a ruwa shekara zagaye, ta yi tsayi ta fi mutum, ta shaƙe burgu da bado, ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗeja har wajen Nguru, inda muke jefa birgi da yanzu ko kwale-kwale ba ya ratsawa. Kuma ita ma da nata abokan, tsuntsun nan jan baki ya samu wurin kwana yana tashi da safe kamar hadari ya sauka kan shinkafar mutane, sauro ya yi gida, katantanwa mai kawo tsargiya da ciwon hantar shanu ta yi yawa. Ka ga ciyawa ɗaya ta ci gasa, ta jawo nata jama'ar, ta kori na da. Babbar ambaliya takan tsinke wata ta share hanya, amma in ruwa ya koma yadda yake sai ta dawo.

Saboda haka in ka je tafki kada ka tsaya kan abin da ke cikin koma kaɗai. Dubi launin ruwan, ka sa hannu ka ji zafinsa, ka duba wace ciyawa ce a baki, ko akwai sawun shanu, wane tsuntsu ne a tsaye. In kifi na ɗagowa sama da asuba to iska ta yi ƙasa, tarwaɗa za ka samu, ka kafa mamari kada ka wahalar da taru. Kuma dan Allah ragar nan mai ƙananan ido da na ga yaran unguwarku na ja a bakin mashigi lokacin da ruwa ke janyewa, kada hannunka ya taɓa ta, ƙananan nan da ke komawa gulbi su ne iyayen baɗi.

Jibi in Allah ya kai mu ka zo da wuri da lauje biyu, mashigin da ke haɗa tafkin da gulbi kacala ta fara rufe shi, ina so mu buɗe shi kafin ruwan farko ya sauko. Ka gaishe min da babanka.