Tafiyar awa 14 a jirgi: kujerar bizines ta ci kuɗinta kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam ina da tafiya wata mai zuwa, kusan awa 14 a sama ba tsayawa, da daddare za mu tashi kuma ranar da na sauka ina da zama da mutanen da zan je wajensu. Ban taɓa hawa bizines ba, ga ni da ciwon baya, kuɗin kuma ya kusa ninka na ikonomi sau huɗu. Dan Allah me ake samu a ciki, kuma ya cancanci in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara sauƙi ya kai ka lafiya. Na daɗe ina yankar wa mutane tikiti, ni kaina kuma na zauna a gaban jirgi, wato bizines, na zauna a bayansa, wato ikonomi, a irin wannan doguwar tafiyar, toh bari in faɗa maka tun farko, abin da kake saye da kuɗin nan barci ne. Abincin da falon jira da 'yar jakar kyauta duk rakiya suka yi, gadon shi ne kayan. Kuma a halin da ka bayyana, tafiyar dare, awa 14, ciwon baya, ga aiki yana jiranka, in kuɗin ba bashi za ka ci ba kuma ba zai taɓa cefanen iyali ba, ni dai ina ganin ya cancanta. Amma fa da sharaɗi, zan zo kansa.

Ka ga a ikonomi tsakanin kujerarka da ta gabanka inci 31 ne ko 32 a yawancin jirage, kujerar ɗan kishingiɗa kawai take yi, duk nauyin jikinka yana kan ƙugu da ƙasan baya tun daga tashi har sauka. A bizines na zamani kana danna maɓalli kujerar za ta miƙe ta zama gado shimfiɗe sosai, tsawonsa ya kai kusan mita 2, a ba ka filo da bargo mai kauri, wasu kamfanonin har da 'yar katifa da kayan barci. Wannan wajen da kai kaɗai ka mamaye zai ɗauki kujerun ikonomi uku ko ma fiye, shi ya sa kuɗin yake haka, ba wai abincin ne ya ja tsadar ba. Abin ma bai wani daɗe ba, Qantas ta Ostiraliya tana cikin waɗanda suka fara ajin bizines a 1979, lokacin kujera ce mai ɗan faɗi kawai, sai a shekarar 2000 British Airways ta kawo kujerar da ke zama cikakken gado a wannan ajin, daga nan kowa ya bi, har a 2017 Qatar Airways ta fito da Qsuite mai ƙofa da kake jawowa ka rufe kanka.

Toh ga sharaɗin, kuma nan ne nake so ka fi natsuwa domin nan mutane suke asarar kuɗinsu. Sunan bizines ɗaya ne amma kujerun ba ɗaya ba ne, ko a kamfani ɗaya. Kafin ka biya ko kwabo ka tambayi wane irin jirgi ne zai yi wannan tafiyar, ka buɗe taswirar kujeru ka gani da idonka. In ka ga jerin 1-2-1, wato ɗaya a gefe biyu a tsakiya ɗaya a ɗaya gefen, madalla, kowa yana da hanyar fita ta kansa. In ka ga 2-2-2 ko 2-3-2, wanda har yanzu akwai a wasu tsofaffin jirage, to in ka zauna jikin taga kuma na kusa da kai ya shimfiɗa gadonsa, sai ka tsallake ƙafafunsa duk lokacin da za ka bayi, mai ciwon baya kuwa ba ya son wannan tsallaken cikin duhu. Akwai kuma wata kujerar da take miƙewa amma a karkace, kai sama ƙafa ƙasa, kana barci kana zamewa, wallahi ga mai ciwon baya wannan ba ta biya ba, ka tambaya takamaimai ko tana kwanciya daidai ne. Wani abin da hoto ba ya nunawa shi ne ramin da ƙafa ke shiga, a kujeru da yawa ƙafarka tana shigewa ƙarƙashin teburin na gabanka ne kuma wajen yana da matsi, in kai dogo ne ko mai kwanciya ta gefe ka nemi layin farko, yawanci ya fi yalwa, sai dai ka guji wanda yake daf da kicin ko bayi saboda haske da ƙarar kwanuka.

Ni na taɓa zaɓar kujera mai kyau da kaina, ranar tafiya aka canja jirgin da wani tsoho, na samu kaina a tsakiyar mutum biyu, raina ya ɓaci sosai domin ba abin da na biya kenan ba. Kamfanoni suna da ikon canja jirgi, don haka ka riƙa leƙa bayanan tikitinka har kwana ɗaya kafin tafiya, in ka ga taswirar ta sauya ka kira su da wuri tun akwai sauran kujeru.

Ka kuma karanta sharuɗɗan tikitin, yanzu wasu kamfanoni suna sayar da bizines mai rahusa wanda babu shiga falo, babu zaɓen kujera kyauta, canja rana kuma da tara. In gadon kawai kake buƙata wannan ma ya yi, amma ka san me ka saya. Haka in akwai ƙaramar tafiya haɗe da ita a cikin Turai, bizines ɗin can kujerar ikonomi ce aka bar ta tsakiya babu kowa, kar ka yi mamaki.

Sauran abubuwan ba su da wuyar faɗa. Layinka daban wajen auna kaya, yawanci jaka 2 masu kilo 32 kowacce maimakon kilo 23, ana manna musu alamar su fito da wuri. Falon jira akwai abinci da wajen caji, manyan ma har da wajen wanka. Kana shiga jirgi za a kawo abin sha a tire, galibi akwai giya a ciki tare da lemo da ruwa, ka tambaya kawai ba wanda zai ga laifinka. In kana son abinci na musamman, na halal ko na masu ciwon suga, ka nema aƙalla awa 48 kafin tashi don ka huta, Emirates da Qatar da Etihad da Turkish dama abincinsu na halal ne.

Shawarar da na fi ba mutane kuma ba su cika ɗauka ba ita ce ka ci abincinka a falo kafin ka shiga. A bizines ana kawo abinci kashi-kashi ne, a shimfiɗa maka ƙyalle a kawo wannan a ɗauke a kawo wancan, kafin a gama awa 2 ta tafi, kuma awa 2 ɗin nan daga cikin barcin da ka biya kuɗi dominsa ne. Gaya wa ma'aikaciyar jirgi tun kafin a tashi cewa kai barci za ka yi, ko a tashe ka karin kumallo ko kar a tashe ka, suna jin daɗin a faɗa musu. Ka ɗaura bel ɗinka a saman bargo yadda za su gani, in jirgi ya shiga gargada ba sai sun tashe ka ba, kuma kariya ce gare ka domin gargadar sama ba ta sallama. Kar ka ji kunyar cewa karonka na farko ne, ka ce a nuna maka maɓallan, minti 2 ne.

Akwai abin da kuɗin ba ya sayowa fa. Iskar cikin jirgi ɗaya ce ga kowa, busasshiya ce ƙwarai, jikinka kuma ji yake kamar kana kan tsauni mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, shi ya sa maƙoshi ke bushewa abinci ma ke rage ɗanɗano. Boeing 787 da Airbus A350 sun fi sauƙi ta nan, suna tsayawa wajen ƙafa 6,000 kuma iskarsu ta ɗan fi laima, in kana da zaɓi ka ɗauke su. Rikicewar barci saboda bambancin lokaci ma tana nan, gado yana rage gajiya ne amma agogon jikinka sai ya ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. Sannan daskarewar jini a jijiyar ƙafa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarinsa yana ninkuwa kusan sau 2 in an wuce awa 4 a zaune, don haka ko a bizines ka sha ruwa sosai, in ka farka ka tashi ka ɗan taka, kuma tunda kana da ciwon baya ka ga likitanka kafin tafiya, maganinka kuma ya kasance a jakar hannu ba a cikin kayan da aka auna ba.

In kuɗin ya yi maka nauyi, ka tambayi farashin bizines a zuwa kawai, dawowa ka yi ikonomi ko firimiyam ikonomi, wato ajin da ke tsakanin ikonomi da bizines, tunda gida za ka dawo ka huta. Wasu kamfanonin kuma suna turo tayin ɗaga kujera daga ikonomi zuwa bizines 'yan kwanaki kafin tafiya, ko ka yi tayi da kanka ko ka biya da makin tafiye-tafiye in kana tarawa, yakan zo da sauƙi sosai amma ba shi da tabbas, tunda kana da zama mai muhimmanci ranar da ka sauka ni ba zan so ka jingina da shi a zuwan ba. Ka turo min sunan kamfanin da lambar jirgin da ranar tafiyar, in duba maka irin kujerar da ke ciki kafin ka biya.