Shin Walter White ya tuba? Tambaya a kan zunubi da fansa a finafinan masu laifi

TAMBAYA: Malam, ni matashi ne daga Jos, ina cikin ƙungiyar matasa ta cocinmu. Na kalli Breaking Bad daga farko har ƙarshe. Wani dattijonmu ya ce kallon irin wannan fim zunubi ne saboda kashe-kashen da ke ciki, abokina kuma ya ce ai wa'azi ne a kan sakamakon zunubi. Abin da ya fi damuna shi ne, na riƙa fatan kada a kama Walter. Wane ne ke da gaskiya a cikinsu? Kuma abin da Walter ya yi a ƙarshe, tuba ce?

AMSA: Ɗan'uwana, salama a gare ka. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan ne naman yake.

Ga waɗanda ba su kalla ba: fim ne mai dogon zango da tashar AMC ta Amurka ta nuna daga 2008 zuwa 2013. Walter White malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Albuquerque. Likita ya ce yana da ciwon dajin huhu, sai ya shiga haɗa muguwar ƙwaya yana sayarwa, wai don ya bar wa iyalinsa abin dogaro. Ka tuna cewa tun a zangon farko tsofaffin abokansa masu kuɗi sun yi masa tayin aiki da biyan kuɗin asibiti, ya ƙi. Ke nan ba talauci ne ya tura shi ba, girman kai ne. Wasiƙar Yakubu 1:14-15 ta riga ta zana wannan hanya: sha'awa takan ɗauki ciki ta haifi zunubi, zunubi kuma in ya ƙasaita ya haifi mutuwa. Mutumin da a farko ya kwana yana rubuta dalilan kashe wani da dalilan barinsa a takarda, shi ne daga baya ya tsaya yana kallon budurwar Jesse, abokin sana'arsa ta ƙwaya, tana shaƙewa bai ɗaga yatsa ba, har ya kai ga sa wa ƙaramin yaro guba. A wannan gaɓa abokinka yana da gaskiya. Na sha jin wa'azi a kan zunubi wanda bai kai wannan fim bayyana yadda zuciya ke taurarewa sannu a hankali ba.

To, a kashi na ƙarshe Walter ya faɗa wa matarsa gaskiya: ba don iyali ya yi ba, don kansa ya yi, kuma ya ji daɗin yi. Ya ceci Jesse daga hannun waɗanda suka tsare shi, ya kashe su, shi ma ya mutu. Masu kallo da yawa suna kiran wannan fansa. Ni ban yarda ba.

Dubi Yahuza Iskariyoti a Matiyu 27. Ya furta da bakinsa cewa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi. Har kuɗin azurfa talatin ɗin ya mayar. Ta fuskar furci da mayar da haƙƙi, Yahuza ya fi Walter, domin Walter bai mayar da ko sisi ba. Tsoratar da mutane ya yi don kuɗin ƙwayar su isa hannun 'ya'yansa. Duk da haka Ikilisiya ba ta taɓa ɗaukar abin da Yahuza ya yi a matsayin tuba mai kai wa ga ceto ba. Ya ɗauki hukuncin a hannunsa, ya zama alƙalin kansa kuma mai zartarwa. Bitrus ma ya yi kuka mai zafi a daren da ya yi musun Ubangijinsa, amma ya tsaya har Yesu ya same shi a bakin tekun Galili. Bulus ya raba waɗannan biyun a 2 Korantiyawa 7:10: akwai baƙin ciki irin na Allah mai kawo tuba, akwai irin na duniya mai kawo mutuwa. Walter ya mutu yana shafa tukwanen ɗakin haɗa ƙwayar kamar mai ban kwana da masoyiya. Ya daina ƙarya, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma bai juya ga kowa ba.

Wannan ita ce matsalar yawancin irin waɗannan finafinai. Sun ƙware wajen nuna zunubi, amma in an zo fansa sai su ce mutum ya wanke jini da jini, nasa ko na maƙiyansa. A bangaskiyarmu fansa ba aikin mai laifi ba ce, kyauta ce da wani ya biya a kan gicciye. Ɓarawon nan na Luka 23 hannuwansa a kafe suke, ba abin da zai iya gyarawa. Ya amsa laifinsa, ya roƙi a tuna da shi. Wanda kuwa yake da sauran numfashi da dukiya, sai ya bi sawun Zakka, ya mayar ninki huɗu.

Akwai wuri ɗaya a wani fim mai dogon zango, The Sopranos (tashar HBO, 1999 zuwa 2007), da nake yawan tunawa. Carmela, matar shugaban wani gungun masu aikata laifi, 'yar Katolika ce mai zuwa coci. Ta je wurin wani tsohon likitan ƙwaƙwalwa Bayahude, ya ce mata ta kwashi 'ya'yanta ta bar gidan, ya kuma ƙi karɓar kuɗinta domin na jini ne. Aikin annabi Natan ke nan, ranar da ya dubi Sarki Dawuda ya ce, "Kai ne mutumin." Abin kunya a gare mu masu wa'azi, ba daga bakin limamin coci maganar ta fito ba. Carmela ta ji, ta yi kuka, ta koma ta ci gaba da cin kuɗin.

Yanzu ga dattijonka. In jini kaɗai ne ma'auni, sai mu rufe Littafin Mahukunta sura 19 da labarin Uriya. Amma kada ka yi saurin cewa tsoho bai waye ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Damuwarsa ta daɗe a Ikilisiya. Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yau, ya ba da labarin abokinsa Alifiyus da ya je Roma karatun shari'a. Abokai suka ja shi filin da mutane ke sarar juna da takobi don nishaɗin jama'a. Ya rantse ba zai kalla ba, ya rufe ido. Kunne kuwa ba ya rufuwa. Da wani ya faɗi, fili ya ɗauki sowa, sai ya buɗe ido don ya gani ya raina. Ya ga jini, ya kasa kau da kai, ya fara ihu tare da su, daga baya ma shi ke jan wasu zuwa wurin.

Shi ya sa abin da ka ce ya fi damunka ya fi muhawarar su biyun muhimmanci. Fatan kada a kama Walter ba haka kawai ya zo maka ba. Da gangan aka gina labarin don ka shiga rigarsa. Tambayar ita ce, yaushe ka cire rigar? In bayan gubar yaron nan har yanzu kana taya shi murna, to fim ɗin ya nuna maka wani abu game da kai, kuma wannan abin kai wa gaban Allah ne cikin addu'a. In kuwa ka lura kana komawa ga wuraren kisan kana sake kallo don daɗinsu, ka zama Alifiyus, sai ka ajiye.

Game da ƙungiyarku, Romawa 14 ta hana ka raina wanda lamirinsa bai ba shi kallo ba, ta kuma hana shi yanke maka hukunci. Kada ka tura fim ɗin a wayar ƙananan yara na Makarantar Lahadi, ba nasu ba ne. Dattijon nan kuma ka je ka gaishe shi a gida, ka ba shi labarin Walter da bakinka, ka tambaye shi ko yana ganin mutumin ya tuba.