Amsa: Warin bakin kare da haƙoran da suka yi rawaya

Malam, ka ce karen gadinka a Barnawa bakinsa yana wari, haƙoransa sun yi rawaya, kana tambaya ko za ka wanke masa da makilin ɗinku na gida. Don Allah kada ka yi. Kare ba ya tofar da abin da ke bakinsa, haɗiyewa yake yi, kuma sinadarin fuloraid da ke cikin namu yana cutar da shi. Wasu makilin ɗin ma suna da sinadarin zaƙi mai suna xylitol, wanda guba ne gare shi.

Ka nemi man goge baki na karnuka wajen masu sayar da magungunan dabbobi. Ni da tsumma mai laushi na fara wa nawa, na naɗe a yatsa bayan na sa safar hannu, ina shafa gefen dasashi kaɗan-kaɗan har ya saba, sannan na koma buroshi. Karen da ya gama girma haƙora 42 gare shi, na can ciki su suka fi tara datti.

Idan kuwa kana ba shi ƙashin kaza dafaffe, ka daina, tsagewa yake.

Rawayar da ta riga ta daskare ba ta fita da buroshi. Sai likitan dabbobi ya sa masa maganin barci ya kankare. Idan dasashin yana jini, kai shi cikin makon nan.