Tambayi Likita: Yadda za a faɗa wa yaro yana da otizim

Tambaya: Likita, sai da na girma aka gano ina da larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, mai shafar yadda mutum ke mu'amala da sadarwa da jama'a. Yanzu an tabbatar ɗana mai shekara 8 ma yana da ita. Yaushe zan faɗa masa? Wani uba daga Zariya.

Amsa: Malam, kada ka bari ya fara ji a bakin yara a makaranta. Idan ya soma tambaya, misali me ya sa shi kaɗai yake toshe kunne in an tada janareto, to lokaci ya yi. Ka zaɓi sa'ar da yake natse, ba bayan kuka ko faɗa ba, don kada ya ɗauka horo ne. Ku zauna gefe da gefe, kada ka matsa sai ya kalli idonka. Minti 10 sun isa a zaman farko. Ka fara da abin da ya ƙware a kai, sannan abin da ke ba shi wuya, sai ka faɗi sunan larurar, ka ce kai ma kana da ita. A bar karin magana, domin yaran nan kan ɗauki zance yadda aka faɗe shi: in ka ce ƙwaƙwalwarsa na da matsala, zai zaci ta lalace ne. Inda iyaye irinka suka fi tuntuɓe shi ne zaton ɗansu kamar su yake sak. Kai wataƙila hayaniya ce ke damunka, shi kuma ƙaiƙayin sabuwar riga. Ka tambaye shi, kada ka amsa a madadinsa.

Tambaya: Ina da otizim, 'yata ma haka. Surukata ta ce aljanu ne, ko allurar rigakafi. Wata uwa daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba ɗaya daga ciki. Gado ne ya fi yawa a lamarin, kuma bincike da dama sun wanke rigakafi, don haka kada a daina yi wa yara. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti, amma turare mai shaƙe numfashi da bugu sai dai su ƙara wa yarinya firgici.

Tambaya: Akwai gwajin jini ko maganin da ke warkarwa?

Amsa: Babu. Likitan yara ko na ƙwaƙwalwa kan gano ta ta hanyar lura da yaron da jin tarihin girmansa. Magani sai ga abin da ya biyo ta, kamar farfaɗiya ko rashin barci.